Ranar da Gangar Na'Allah ta Wuce Sarkin Noma

Tun kakanni, gidan su Na'Allah ke yi wa gidan Sarkin Noma kiɗa a ƙauyensu na wajen Damana. Cinsu daga nan yake, suturarsu daga nan take. Rigar da ke wuyansa ma, shuɗiya mai aiki a ƙirji, Sarkin Noma Tahiru ne ya ba shi bara. Al'adar kuwa ko yaro ya san ta a ƙasar Kurfai: ranar bikin kaka a kaɗa taken Sarkin Noma, ya miƙe ya ɗaga hauyar sarauta sama, maza su amsa. Abin da taken ke faɗi shi ne, shi ke fara shiga gona, shi ke fita ƙarshe.

Shi ke fita ƙarshe, wai! Bana, ana gama yankan hatsi, wutar daji ta taso daga arewa da rana tsaka, ta nufo rumbunan gari. Na'Allah ya buga gangar gayya, maza suka fito da rassan sabara a hannu. Aka duba gaba a ga Sarkin Noma. Ina! Yana can yana loda dammunansa a amalanke. Ya kora jaki ya yi kudu, Na'Allah da idonsa ya ga ƙeyarsa.

Zaidu ne ya tsaya, wani manomi da ko tunkiya bai mallaka ba. Shi ya jera maza, ya sa aka share ciyawa gaban rumbuna. Da reshensa ya ƙone, ya tuɓe riga ya ci gaba da dukan wuta. Da jinkar rumbun Hamida, tsohuwar da ba ta da kowa, ta kama, hannu ya sa ya yaye ta. Hatsin gari ya tsira. Shi kuwa aka kwashe shi zuwa gidan likita a Filinge, inda aka ce da wuya yatsun nan su sake riƙe hauya.

Safiyar biki Tahiru ya kira Na'Allah zaure, ko kunya babu.

"Ka ƙara baiti bisa wutar nan," in ji shi. "Ka ce mu munka kashe ta."

"Ranka shi daɗe, ku da wa?"

"Kai dai kaɗa abin da anka ce ka kaɗa."

A gida matarsa Saratu ta ga fuskarsa ta gane. Ta ce, "Maigida, don Allah rufa muna asiri. In Sarkin Noma ya kore ka, mi za mu ba ɗiya?" Gaskiya ta faɗa, kuma ita ta fi ƙona masa rai. Ya rataya ganga ya fita.

Fili ya cika. Tahiru na kan kujera, rawani ya sha ɗauri, hauyar sarauta jingine a gabansa. Can gefe, Zaidu na zaune kan tabarma, hannuwa naɗe da farin ƙyalle. Na'Allah ya ɗauki taken. Tahiru ya fara gyara riga zai miƙe. Sai Na'Allah ya tuna ƙeyar nan. Ya wuce kujerar ko kallo bai yi ba, ya je ya durƙusa gaban Zaidu yana kaɗawa.

Fili ya yi tsit, sai ganga.

"Na'Allah!" Tahiru ya daka tsawa. "Butulu! Tuɓe mini rigata!"

Na'Allah ya ajiye ganga, ya tuɓe rigar, ya ninke ta tsaf ya aza ƙasa. Ya sake rataya ganga a kafaɗa tsirara, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya san daga yau ƙofar gidan nan ta rufe masa, shi da 'ya'yansa.

Tsohuwa Hamida ce ta taka ta ɗauko hauyar daga gaban kujera, ba wanda ya hana ta. Ta miƙa wa Zaidu. Ya kawo hannu, yatsun suka ƙi rufewa, hauyar ta faɗi. Sai mazan da suka tsaya tare da shi ranar wuta suka taso. Suka aza masa ita a tafi, suka riƙe ƙotar, suka tallabi gwiwoyin hannunsa suka ɗaga sama.

Na'Allah na kaɗawa, hawaye na zuba kan fatar ganga, maza suka amsa.