Ranar da Na Shanya Bokitai

Shekara goma sha ɗaya ke nan maigidana yana aiki a matatar ruwa, kuma tun daga ranar farko yake tafiya a layinmu kamar makullin ruwan gari na cikin aljihunsa. Ni dai na san gaskiya. Aikinsa auna alif ne da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuba a tanki, ya ɗebo a kofin gilashi, ya ɗaga sama yana ƙanƙance ido. Ranar sako ruwa kuwa, shi ma sai dai ya gani a famfo. Amma in maƙwabta suka tare shi da tambaya, sai ya gyara zaman hula ya ce ana kan dubawa. Wannan girman yana ji da shi, ina jin har ya fi ji da shi a kaina.

Gidanmu ne a gangaren layi, don haka bututun bayan kicin ɗina ke fara tari kafin ruwa ya iso. Da na ji tarin sai in fito da bokitaina in jera a famfon ƙofar gida.

Ranar Talata ɓera ya ga dama ya mutu a ɗakin ajiyata. Wari ya kama komai, sai na kwaso bokitai bakwai da baho biyu, na goge su, na jera a ƙofar gida su sha rana. Na koma ciki abina, ashe na tayar da layi tsaye.

Matar tela ta tuntsurar da tsohon ruwan duronta kaf, wai za ta tari sabo. Malamar makaranta ta jiƙa labulen gidanta duka. Mai aski ya sheƙa wa furanninsa jarkarsa ta ƙarshe. Tsohon direba kuwa ya shiga wanka da rabin buta, ya mulke jikinsa da sabulu daga kai har ƙafa, ya zauna jiran famfo. Famfo ko atishawa bai yi ba.

Da la'asar maigida ya dawo ya tarar da taro a ƙofarmu. Tsohon direba ne a gaba, ɗaure da tawul, kumfa ta bushe masa a kunne. Ina daga bakin ƙofa ina kallon mutumina, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Ya gyara hula, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, sai idonsa ya faɗa kan kunnen direba.

"Jama'a, ku yafe mini," ya ce. "Ni ban san ranar ruwa ba. Ban taɓa sani ba. Alif kawai nake aunawa."

Sai matar tela ta ce, "Haba maigida, wannan ai kowa ya sani. Mu wurin mai ɗakinka muka zo. Bokitanta muke bi tun da kuka tare a gidan nan."

Mai aski, da zuciya ɗaya, ya ƙara da cewa tambayar da suke masa ai gaisuwa ce kawai, don sun lura yana jin daɗinta.

Gara a ce zaginsa suka yi. Ya cire hular, ya juya ta, ya rasa inda zai ajiye. Dole na fito na ba da labarin ɓera, na sha tsaki daga kowane ɓangare, sannan na buɗe duronmu aka raba wa kowa bokiti ɗai-ɗai. Direba aka fara bai wa, don ya soma susa.

Da suka watse, maigida ya zauna a kan bahon da na kife. Na kawo masa ɗan ruwan da ya rage a kofi, ya ɗaga shi sama ya duba, ya shanye. Sannan ya waiga hagu da dama, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ke, don Allah, yaushe za a kawo?"