Munduwar Tasalla

A shekarun da Faransawa ke sayen gyaɗa kamar ba za a sake noma ta ba, babu macen da ta cika tabarma a Sabon Garin Maraɗi kamar Tasalla mai man gyaɗa. In ta shiga gidan biki sai an ƙara shimfiɗa. Kada kuma ka ɗauka abin yana damunta, alfahari take yi da shi. Mijinta Idirisa shi ke yi wa wani kantin Nasara awon gyaɗa, ita kuma tana da mata masu yi mata suya da matsa, don haka duk wanda ya ga wuyanta ya san gidan ba a kwana da yunwa. Tsofaffi kan ce ta ɗauko jikin uwarta sak, ita kuwa sai ta ƙara gyara zama.

Rabonta da taɓarya tun ambaliyar da ta cinye tsohon gari aka dawo kan tudu. Aikinta zama kusa da kasko tana ba da umarni, hannu na kai wa baki ƙuli-ƙuli mai zafi da sunan ɗanɗano. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura da nono, da la'asar shayi wanda sukari ya fi ruwa yawa, da magariba kuma tuwo yana iyo cikin man shanu.

A hannunta na hagu akwai munduwar azurfa, rufaffiya, ba ta da baki. Da ita kakanninta suka baro Katsina, kuma al'adar gidansu ita ce uwa ta zare ta daga hannunta ta sa wa 'yarta ranar da za a kai ta ɗakin miji. Tasalla ta sha gaya wa mutane cewa tun da aka ƙera munduwar nan ba ta sake ganin wutar maƙeri ba. An sa mata ita tana siririyar yarinya mai ɗaukar tulu, tana ta kukan amarci. Yanzu azurfar ta nutse cikin nama, sai ta ɗaga hannu ake ganin ƙyallinta.

Da farkon damina aka sa ranar auren Atika, 'yarta ɗaya tilo, da wani saurayi manomi ɗan Tsibiri. Aka ce bayan kaka. A ranar da aka sa bikin Tasalla ta shiga ɗaki ta kama munduwa ta ja. Ko motsi. Ta shafa sabulu, ta shafa mai, ta murɗa har hannu ya kumbura. A ƙarshe ta aika aka kira Sha'ibu maƙerin fari, mai aikin azurfa.

Sha'ibu ya durƙusa ya duba, ya ce, "Inna, wagga kam sai zarto. In yanke ta, in liƙe miki da wuta, ko ke ba ki gane wurin."

"Zarto?" in ji Tasalla. "Azurhwar da ta baro Katsina lahiya lau, kai za ka sa ma zarto? Tashi ka ba ni wuri."

Ta ce ai ba wani abu ba ne, za ta bar cin abinci kawai. Ta wuni da ruwa, ta kwana da ruwa, washegari jiri ya kwashe ta a bakin randa. Da ta farfaɗo ta cinye akushin tuwonta da na mai gida, ta bi da fura. A nan ta gane abin ya fi ƙarfin zuciya, ta sa aka ɗaura wa jaki shimfiɗa, ta nufi Jiratawa wurin Inna Uwani, ƙanwar mahaifiyarta. Abin da jakin nan ya gani a hanya, Allah kaɗai ya sani.

Ta iske tsohuwar cikin lambu a bakin fadama tana ban ruwan albasa, busasshiya, ƙafa duk taɓo. Tasalla ta zayyana mata komai, ta roƙe ta ko akwai wani saiwa ko jiƙo da ke narkar da jiki. Inna Uwani ta riƙe hannun ta daɗe tana kallon munduwar, kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa.

Ta ce, "Da mi kinka zo?"

"Da jaki, Inna."

"To ki koma da ƙahwa. Maganin ke nan."

Tasalla ta yi dariya, tsohuwa ba ta yi ba. Ta ce mata ta matsa daga bakin kasko, ta koma daka hatsinta da kanta. Ta samu ƙaramin akushi, ta fara cika ciki da kwaɗon zogale ko rama kafin ta taɓa tuwo, man shanu kuma a ɗiga, kada a kwarara. Fura ba sukari. "Kuma kar ki kuskura ki zauna da yunwa, yunwa ita ka maida ki bakin kasko. Ganyen kuwa ba ni aika miki shi. Ran kasuwa ki zo da ƙahwarki ki ɗauka."

Komawar farko azaba ce. Cinyoyi suka saɓule, numfashi ya ƙi, ta zauna a gindin kusan kowace bishiya da ke tsakanin Jiratawa da Maraɗi tana tsine wa munduwa da wanda ya ƙera ta. Hawan tudun shiga gari kuwa da rarrafe ta ƙarasa shi. Amma Tasalla mace ce mai taurin kai, irin wadda in ta ce ba a yanka to ba a yanka. Da asuba ta karɓe taɓarya daga hannun 'yar aikinta. Tafin hannunta ya yi ƙuraje, ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

Wahalar jiki ba ita ce babba ba, bakin mutane ne. A garin nan ba wanda ya taɓa jin mai arziki ta rame da gangan. Da zani ya fara yi mata yawa, magana ta tashi a bakin rijiya. Wasu suka ce Nasara ya kori Idirisa daga kanti, shi ya sa ake cin ganye a gidansa. Wasu suka ce sammu ne. Wata maƙwabciya har ta shigo da sallama a sanyaye, ta zauna, ta yi mata sannu da jiki.

Idirisa ya fi kowa jin zafi. Ya fara sayo tsire yana ratsa tsakiyar unguwa da shi a buɗe don kowa ya gani. Wata rana ya ajiye ƙunshin a gabanta ya ce, "Uwar Atika, kin tona mini asiri. A masallaci ana tambayata ko in kai ki asibiti wurin lokotoro. Mi na rage ki da shi? A yanke abin nan a huta mana!"

Ta yagi tsoka biyu ta ci, ta tura wa yara sauran. "Malam, ba ka rage ni da komi ba. Ni na rage kaina. Uwata ta zare ta sa mini, ni ma zarewa za ni yi."

Abin da ya kusa karya ta ya faru ne a wani gidan suna. Akwai zabiyar da kullum in Tasalla ta shigo takan tsayar da waƙa ta yi mata kirarin giwa. A ranar ta shigo da sabon zani, zabiya ta dube ta sama da ƙasa, ta wuce ta koma kan wata matar ɗan kasuwa da ko tashi ba ta iya yi. Tasalla ta ji kunya har cikin ƙashinta. Ta dawo gida ta yi kuka, ta zauna a bakin kasko, ta ɗauki ƙuli-ƙuli mai zafi ta riƙe. Sai ta ji munduwar ta zame daga inda ta saba zama, ta sauko ta daki ƙashin wuyan hannunta. Shekara da shekaru ba ta ji sanyin azurfar nan a wurin ba. Ta mayar da ƙuli-ƙulin cikin kwano, ta tashi.

Daga nan ta daina jin maganar kowa. Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka yanke. Ita kuma ta lura tana tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba, tana hawa tudun gari ɗauke da kwandon zogale tana gaisawa da mutane ba ta tsaya ba. Ba ta koma siririya ba, kada a yi ƙarya, har yanzu mace ce mai jiki. Amma jikin ya zama nata. Munduwa tana yawo daga wuyan hannu zuwa damtse, sai dai in ta zo gindin babban yatsa ta tsaya cik.

Ranar kai amarya gida ya cika tun da hantsi. Inna Uwani ta zo daga Jiratawa da ɗanyar kuɓewa a ƙulle a bakin zani. Ta ja Tasalla ɗaki, ta sa ta tsoma hannu cikin ruwan randa mai sanyi, sannan ta ɗaga shi sama har ya yi tsami. Ta daka kuɓewar ta shafe hannun da yauƙi. Atika na zaune a lulluɓe a gefen gado, lalle a hannu da ƙafa, tana leƙe ta ƙarƙashin mayafi. A zaure kuwa Idirisa ya ajiye Sha'ibu da zartonsa, ko da za a buƙata.

Tasalla ta lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, ta cije leɓe. Tsohuwa ta murɗa, ta ja. Fata ta saɓule, jini ya ɗan fito, Tasalla ta ce, "Ja, Inna, kar ki tausaya mini!" Sai ga munduwa a hannun Inna Uwani, cikakkiya. Matan da ke bakin ƙofa suka rangaɗa guɗa, har Sha'ibu ya ji daga zaure ya naɗe kayansa.

Tasalla ta karɓa tana dariya tana hawaye, ta wanke yauƙin, ta kai bakin ƙofa wurin haske don ta ga cikin munduwar da ba ta taɓa dubawa ba. A nan dariyar ta tsaya. Ga wani siririn layi ya ratsa azurfar, launinsa ya ɗan bambanta. Ko yaro ya gani ya san liƙin maƙeri ne.

Ta juyo a hankali. "Inna, mi ne ne wanga?"

Tsohuwa ba ta sunkuyar da kai ba. "Yaya ce, uwarki. Ranar aurenki munduwa ta ƙi hita, munka tahi wurin maƙeri da sassahe, ni na raka ta."

"Kin sani! Kin sani kinka bar ni ina jan ƙahwa damina guda, gari na yi mini dariya?"

"Na sani," in ji Inna Uwani. "Kin kuma san yadda Yaya ta ƙare. Ƙahwahu sunka kumbura, ko bakin ƙohwa ba ta iya kaiwa, ta tahi ba ta ga Atika ba. Ni na yi mata wanka, sai da mata sunka kama mini kahin in juya ta. Ran da na gan ki bisa jakin nan, ita na gani. Ban son in yi miki wanka, Tasalla. Ke nika so ki yi mini."

Tasalla ta tsaya da munduwa a hannu, fushin da ya taso mata ya rasa inda zai sauka. Ta tuna uwarta a ranar da aka kai ta ɗakin miji, tana sa mata azurfar nan da hannu ɗaure da tsumma, ta ce wai wuƙa ce ta yanke ta wurin girki. Ta share ido da gefen zani.

Ta je ta zauna kusa da 'yarta, ta kamo hannun mai lalle, ta nuna mata layin da yatsa, ba ta ɓoye ba. "Duba nan, Atika. Kakarki ta yanke ta don ta ba ni. Ni kuwa kaina na rage don in ba ki." Ta zura mata, munduwa ta shige sumul. "Ki ci ki ƙoshi a Tsibiri, amma kar ki aje taɓarya. Ina son ki zare ta da kanki, kuma ina son in zo da ƙahwata in gani."

Sannan ta fito tsakar gida, ta ɗaga hannun hagu sama a gaban matan unguwa duka, da maƙwabciyar da ta yi mata sannu, da zabiyar da ta tsallake ta. Ga farin zobe a fatar inda azurfa ta zauna, ga jini bai gama bushewa ba. Ta bar shi a sama har sai da kowa ya gani.