Gwangwanaye a Ƙafar Gado

Mai Agogo bai taɓa yarda ƙaramin abu zai gagare shi ba. Ya tsufa yana buɗe cikin agogon hannu da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido, yana mayar da ƙusar da ƙwayar yashi ta fi ta girma. Don haka da sauro ya addabi gidansa, raini ya ɗauki abin.

Ba a banza ya ɗau zafi ba. Tun rasuwar mai ɗakinsa, autarsa da mijinta Makaniki ne suke zaune tare da shi, kuma jaririyarsu, wadda tsohon yake tsokana da Amaryata, ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, bayan zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita. Makaniki mutum ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da surukinsa. Amma ranar da aka sallame su sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. In sauron nan bai ragu ba zuwa ƙarshen mako, zan kwashe su mu koma gidan yayana."

Gidan yayan nan kuwa yana can ƙarshen gari. Tsohon ya san in suka tafi, daga shi sai ƙarar agogunan bango, kuma tsoron hakan ya kama shi sosai.

Sai ya faɗa wa tsakar gida da yaƙi. Ya kifar da tsofaffin tukwane, ya fitar da tayoyin da ruwan sama ya kwanta a ciki, ya cike ramuka da yashi, ya sassabe ciyawar gindin katanga. Ya kwashe kashin akuyar da ke jawo bobuwa, ƙudan nan mai cizo kamar allura, ya mayar da akuyar bayan gida tana ta kukan rashin adalci. Bobuwa dai ta kama gabanta. Sauro kuwa ko gezau. Kullum Amaryata sai ta tashi da sabon tabo a kumatu.

Da dabara ta ƙare, laifi ya koma kan maƙwabci. Ya leƙa ta katanga ya ce wa Mai Wanki, "Ruwan kumfarka ne ke kiwata mana su!" Mai Wanki ya ce ruwansa wucewa yake yi, ba ya kwana, kuma in Baba yana neman abokin faɗa ne ya jira ya gama shanya.

Abu ɗaya ne a gidan da tsohon bai taɓa zargi ba, don aikin hannunsa ne. Ɗakin Auta zafi gare shi, shi ya sa ake ajiye ɗan gadon jaririyar a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Tun tana 'yar jinjira cinnaka suka taɓa hawa gadon suka cije ta, shi kuwa ya samo gwangwanayen madara, ya sa kowace ƙafar gado a ciki, ya zuba ruwa. Cinnaka ba ya iyo. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa wannan hikima, kuma kowace safiya tsohon yakan ƙara ruwa da butarsa, bai taɓa zubar da na jiya ba.

Ranar da wa'adi ya cika, da hantsi, Makaniki ya kawo mota ƙofar gida. Auta tana ɗaki tana haɗa kaya tana jan hanci. Mai Agogo ya ɗauki buta, don hannu ya riga ya saba, ya durƙusa gindin gadon. Sai ya ga ruwan gwangwani yana motsi shi kaɗai. Ya laluba aljihu ya maƙala madubinsa.

Cikin ruwan da bai kai kurɓi uku ba, halittu ne birjik. Wasu sirara sun rataye kai ƙasa, sun manna wutsiya a saman ruwa suna shan iska, da inuwarsa ta faɗa musu sai su yi wutsil-wutsil su nutse. Wasu masu ƙaton kai sun dunƙule suna shawagi. Yana kallo bayan ɗaya daga cikin dunƙulallun ya tsage. Wani abu ya fara fitowa a tsaye, sannu a hankali, ba ƙara, ba gaggawa. Ya zaro ƙafa ɗaya, ya zaro wata, kowace ta fi gashin da ke kaɗa zuciyar agogo siranta, kuma kowace da gwiwarta. Ya dafa su a kan ruwa, ruwan bai karɓe shi ba. Ya tsaya cak a kai kamar a kan daɓe. Fukafukan da suka fito a jiƙe, a yamutse, suka miƙe da kansu har hasken rana ya ratsa su. Sauro ne.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji tsohon. Shi da yake alfahari da ƙananan ƙusoshi, ga abin da aka haɗa ba ƙusa ko ɗaya, ba a ɗaure shi ba, ba a sa masa batir ba, kuma yana shirin tashi sama. Sai bayan haka ya ɗaga kai ya ga ƙafar Amaryata tana lilo a saitin gwangwanin, kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci guda.

Makaniki ya fito da jaka a kafaɗa ya tarar da shi a haka. "Baba, lafiya?"

Tsohon ya nuna masa gwangwanin. Ya cire madubin ya miƙa masa. Makaniki ya ajiye jakar, ya durƙusa, kafaɗarsa tana gogar ta surukinsa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Baba, a kan ruwa fa yake tsaye."

"A kan ruwana," in ji tsohon. "Ni nake shayar da su da hannuna. Ɗauki iyalinka, ɗana, ba ni da bakin hana ka."

Makaniki ya miƙe ya fita. Tsohon ya ɗauki jaririyar ya rungume, yana jiran ya ji an tayar da mota. Sai ya ji an buɗe but ɗin bayan motar an rufe. Makaniki ya dawo da gwangwanin giris, ya zare na madarar ɗaya bayan ɗaya ya watsar da ruwan a kan yashi mai zafi. Sannan ya kwanta rigingine ƙarƙashin gadon, yadda yake kwanciya ƙarƙashin mota, yana shafa wa ƙafafun baƙin maiƙo.

"Cinnaka ba ya taka wannan," ya ce daga can ƙasa. "Baba, a ce wa Auta ta bar haɗa kayan nan, ta kawo mini tsumma."

Tsohon ya ƙara rungume Amaryata, bai ko motsa daga gindin gadon ba. Sai da Makaniki ya kira matarsa da kansa.