Lakar Bokitin Baba

Auta ma'aikaciyar jinya ce, kuma in mai ƙyamar datti ake nema, to an samu. Ranar da aka kwantar da mahaifinta a asibiti don cire masa yanar ido, sai ta ce bari ta yi abin arziki, ta gyara masa ɗakin ƙira kafin ya dawo. Tsohon maƙerin zinariya ne, shekara arba'in bai bar tsintsiyar kowa ta shiga ɗakin nan ba. Ita kanta Auta iyakarta bakin ƙofa.

Ta share, ta goge, ta jera magagarai da awartaki. A ƙarƙashin tebur ta tarar da wani tsohon bokiti, ruwa garau a sama, baƙar laka jibge a ƙasa. Abin da ta sani tun tana yarinya, in ruwa ya kwanta na sama ake tsiyayewa a yi amfani da shi, na ƙasa a zubar. Haka ta yi. Ta ba shukokin tsakar gida ruwan, ta juye lakar a kwata, har da wanke bokitin da sabulu. Baiwar Allah, sai murna take yi!

Washegari aka sallamo shi, likita ya ce kada ya kusanci ƙura sai bayan mako guda. Yana kwance da bandeji a ido ya kira ta.

"Auta, bokitin nan na ƙarƙashin tebur, kada kowa ya girgiza min shi."

"Me ke ciki, Baba?"

"Wankin hannuna da sharar teburina na shekara uku. Burbushin zinariya nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya cikin laka. Ruwan da ke sama kawai nake zubarwa. Da burbushin zan yi wa 'yarki 'yan kunne. Hannu ya fara rawa, ina jin su ne aikina na ƙarshe."

Ta ce to, ta fita da gudu ko takalmi babu. Ina! Ruwan wankin maƙwabta ya riga ya bi ta kwatar. Kuma maimakon ta koma ta faɗa masa, sai tsoro ya sa ta durƙusa ta kwashi lakar da ta samu da hannunta, ita da ko kofin wani ba ta sha da shi. Ta zuba a bokiti, ta cika da ruwa, ta mayar ƙarƙashin tebur ya kwanta.

Makon nan Auta ba ta ji daɗin abinci ba. Duk sanda ta ɗiga masa magani ya ce Allah ya yi miki albarka, sai kunya ta kama ta kamar ta nutse.

Ranar da mako ya cika, ya ce ta fito masa da bokitin tsakar gida inda haske yake. Ya karkata shi a hankali, ruwan da ke sama ya tsiyaye. Ya ɗebi laka a faffaɗan kwano, ya ƙara ruwa, ya juya, ya jira ta kwanta, ya zubar da gurɓataccen. Ya sake. Ya kuma sakewa, har sau bakwai, tana tsaye a kansa tana kallo. Abin da ya rage a gindin kwano yashi ne da ɗan fasasshen gilashi.

Ya kawo kwanon kusa da fuska, ya kai shi nesa. Ya rufe ɗayan idon da tafin hannu, ya duba da wanda aka yi wa aiki. Sai kafaɗunsa suka sauka.

"Yana nan," ya ce a hankali. "Na san yana nan, ni ne ba na gani. Ashe aikin bai yi ba. Idon ya tafi ke nan, Auta."

Wannan kam ba ta iya ɗauka ba. Ta zube gabansa.

"Baba, idonka lafiya lau. Babu komai a ciki. Ni na zubar, tun kana asibiti. Wannan lakar kwata ce na zuba, na ji tsoron faɗa maka."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ita so take ya yi faɗa, ya zage ta, ko ta ɗan ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ajiye kwanon, ya goge yatsunsa a gefen riga, ya dube ta.

"Bokitin nan da nauyi fa," ya ce. "Ke kaɗai kika ɗauka?"

Nan kukan ya ƙwace mata.