Hancin Jirgin Baba

Yaya ne ya kawo kwalin. Ya dawo daga tafiya, ya dire shi a kan teburin falo gaban Baba, yana ta murmushi kamar wanda ya ciyo gasa. Jirgin yaƙi ne na roba, irin wanda ake sayarwa gutsi-gutsi mutum ya haɗa da hannunsa, kuma samfurin jirgin da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyarawa a rundunar sojan sama. Abin da Yaya bai yi tunani ba shi ne idon Baba ya riga ya yi rauni, haske da duhu kawai yake rarrabewa, sai inuwar mutum in ya gifta. Baba ya shafa kwalin, ya sa albarka, Umma ta ɗauka ta ɗora a kan kabad. Can ya zauna yana shan ƙura har ranar da Auta ta sauko da shi.

Auta ita ce ƙaramarsu, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki. Haƙoran roba take haɗawa a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori, wuni take a sunkuye ƙarƙashin fitila tana gurza da gogewa. Duk Asabar takan zo gida ta tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga, rediyo a cinya. Tun da idon ya tafi maganarsa ta ragu. In ta gaishe shi ya amsa, ya tambayi mijinta da aiki, shi ke nan sai shiru.

Wata Asabar ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, ta zazzage kwalin, ta yanyanko gutsattsarin da reza. Ga mai irin hannunta wannan ba aiki ba ne. Kafin la'asar ta manne gangar jikin da fukafukan da gam, ta kai wa Baba.

"Baba, miƙo hannu ka ji baƙo."

Ya karɓa, ya bi shi da yatsu tun daga wutsiya har hanci, ya sake dawowa. Sannan ya miƙa mata abinta.

"Sannu da ƙoƙari. Amma wannan ba shi ba ne."

"Kai, Baba! Shi ne fa. Ga hotonsa a jikin kwali."

"Wanda ya zana kwalin bai taɓa dafa jirgin da hannunsa ba. Hancin nan ya yi kauri, ya kuma yi gajarta, kamar an naushe shi. Bakin da yake shaƙar iska kuwa siriri ne, har yankan mutum yake in bai kula ba. Wannan leɓe ne."

Umma ta leƙo daga kicin. "Yarinya ta wuni tana wahala, tukuicinta ke nan?"

Auta ta ɗan ji haushi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma a hanyar komawa gida sai abin ya tsaya mata a rai. Sau nawa ta gama haƙori, ido ya ce ya yi daidai, mai shi ya sa a baki ya ce akwai inda yake tokare shi? Kuma in ta duba da kyau sai ta samu da gaskiyarsa, ɗan tudu ne da bai kai kaurin gashi ba. Ban da haka, rabon da ta ji Baba ya jero magana mai tsawo irin ta yau har ta manta.

Asabar ta gaba ta zo da jakar kayan aikinta: ƙananan magagarai, sanfefa mai laushi, ɗan injin gurza, da garin robar da take yin dasashi da shi. Ta nemo hotunan jirgin a waya, ta jingine wayar da kwalbar sukari. Baba ya bar kujerar taga da kansa, ya lalubo ta kusa da ita ya zauna.

Haka suka riƙa yi. Ta goga kaɗan ta miƙa masa, ya shafa ya ce, "Da saura." Ta ƙara, ya ce, "Nan ya yi, koma ɗaya gefen." Layukan da ke jikin jirgin masu kamfani sun yi su tudu-tudu, Baba ya ce a jirgin gaskiya tsaga ce tsakanin faranti da faranti, farce yana shiga. Sai ta goge su tas, ta sake zana su da tsinin allura, ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi kuwa da labarinsa. Wannan murfin shi ne mai taurin kai, sai an lallashe shi da gwiwa yake rufuwa. Ta nan matuƙi yake taka ƙafa ya hau. A ƙarƙashin wannan fiffiken suke fakewa in rana ta yi zafi, su sha shayi a murfin fulas. Umma da ta zo kwashe kofuna sai ta tsaya riƙe da tire tana saurare.

"Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa jin wannan ba," in ji ta.

"Ai ba ki taɓa tambaya ba."

"Wa zai tambayi mutumin da yake shigowa yana warin mai? Wanka nake tura ka."

A kan hancin ne aka yi ɓarna. Baba yana ta cewa da saura, Auta tana ta gurzawa, sai ji ta yi injin ya burma. Ta ɗaga jirgin a haske, ga huda nan sarai.

"Baba, na huda shi."

Ya karɓa ya sa ɗan yatsa a wurin. Maimakon faɗa, sai ya ce, "To, ai yanzu ya zama jirgi. Babu wanda na taɓa gyarawa da ba shi da faci. Me kike da shi?"

Ta kwaɓa garin robar da ruwansa, ta cike hudar, ta ƙara wa hancin tsawon da yake nema. Da ya bushe sai ga jirgi toka-toka da hanci jajaja, kalar dasashi sak. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Saura ki jera masa haƙora, ya riƙa yi wa abokan gaba murmushi."

Baba bai ga kalar ba, bai kuma damu ba. Ya ja babban yatsansa a kan hancin a hankali, ya gyaɗa kai. "Yawwa. Ga shi nan."

Gardama ɗaya ce ta ƙi ƙarewa. Akwai wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin cikin jirgin, inda ake duba mai. Baba ya ce a hagu take. Hotunan duk sun nuna dama.

"Hotunan ne aka juya," in ji shi.

"Duka, Baba?"

"Ni da na buɗe ta da hannuna safe da yamma za a gaya wa? Kira min Dogo."

Dogo tsohon abokin aikinsa ne, sun daɗe ba su gana ba, sai gaisuwa ta bakin mutane. Umma ta nemo lambar, Auta ta kira ta sa a sifika. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar waɗanda suka rage da waɗanda suka riga mu, Baba ya kawo ƙara. Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Mutumina, a dama take. Kai a rigingine kake shiga ƙarƙashinsa, kanka wajen hanci. Dole ta zame maka hagu."

Baba ya ɗaga jirgin sama da kansa, ya kwantar da ƙeya a jikin kujera kamar mai kallon rufi, ya lalubi wurin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Auta, sa ta a dama. Kada ki gaya wa yayanki."

"Ni zan gaya masa," in ji Umma.

Da aka zo fenti, roƙonsa ɗaya ne, kada ta yi masa kauri ya cike layukan, don da su yake gani. Ta sirka fentin ya yi ruwa-ruwa, ta shafa sama-sama, ta bari ya bushe, ta sake. Ta so ta sayo masa akwatin gilashi saboda ƙura, Baba ya ce sam, shi ba a kulle masa jirgi. A kan ɗan teburin da ke gefen kujerarsa aka ajiye shi, inda hannu zai kai.

Ranar da Dogo ya zo, Auta tana gida. Tsoho ne mai tsawo da ya fara ranƙwafawa, da sanda da tabarau mai kauri. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "Ke ce injiniyar? Allah ya yi miki albarka." Tsofaffin suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Sannan Baba ya lalubo jirgin ya miƙa masa, yana ƙoƙarin ɓoye alfaharinsa.

Dogo ya kai shi kusa da tabarau, ya juya shi sama da ƙasa, ya leƙa kujerar matuƙi.

"Shi ne, wallahi shi ne. Abu ɗaya ya rage."

"Me?" in ji Baba, har ya gyara zama.

"Ya cika tsafta. Ina baƙin man da yake zirarowa a bayan tayar hagu?"

"Nawa bai taɓa yoyo ba."

"Naka? Har tsumma kake ratayawa a aljihun baya saboda shi!"

"Wannan na goge hannu ne."

Auta ta bar su suna yi, ta shiga kicin ta taya Umma haɗa shayi. Daga can suna jiyo muryoyin biyu suna hawa suna sauka, wannan ya rantse, wancan ya kira sunan wani shaida da ya daɗe da rasuwa, sai kuma dariya ta ɓarke. Umma tana zuba ruwan zafi tana girgiza kai, fuskarta a sake.

Da Auta ta fito da tiren, Baba ya juyo wajen ƙarar kofunan.

"Auta, burushinki na kusa?"

"Yana jaka, Baba."

"Ɗauko. Ki sa masa baƙin man nan a bayan taya." Ya ɗaga yatsa. "Kaɗan fa."

"Ƙara masa dai, 'yata," in ji Dogo, yana miƙa hannu ya ɗauki kofi.