Ƙullin Garzali Mai Jela

Shekara goma sha ɗaya Garzali ya yi a gaban injin saƙa a Kaduna, kafin atamfar waje ta shigo da arharta ta rufe musu masaƙa. Yanzu gadin wani bene yake yi a unguwar Bin Mahmud ta birnin Doha, cikin yunifom ɗin da aka ɗinko daga can inda atamfar ta fito. Yakan ce ai karamci ne, wanda ya kayar da kai ya dawo ya tufatar da kai.

Ana nan sai ga saƙon matarsa Haulat: gwamnatin jiha za ta ba tsofaffin ma'aikatan masaƙa keken ɗinki da rumfa a kasuwa, amma sai an tantance. Garzali ya ji gida ya matso kusa. Rumfa ɗaya ta ishe shi ya yi wa kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, sallama, ya koma ya tsufa kusa da tuwon matarsa. Sai dai katinsa na aikin masaƙa, gara ta daɗe da yin walima da shi.

Kwamitin tantancewar ya yi dabara. Wanda ba shi da kati za a kira shi ta bidiyo ya ƙulla zare a gaban ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan inji ya san ƙullin da ake haɗa zare in ya tsinke, mai neman keken banza kuwa bai san shi ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, Garzali ya zauna bakin gado, ga zaren da ya roƙo wajen wani tela ɗan Nepal. Abokin ɗakinsa Mudasiru, ɗan zangon Kumasi mai tuƙin motar kamfani, shi ya riƙe waya.

"Yalla, Malam, gwada mu gani kafin su kira."

Ya gwada. Zaren ya zame. Ya lashi yatsa ya sake, ya sake zamewa. Zaren roba ne mai santsi, irin wanda ba ya jin magana.

"Anya masaƙa ka yi aiki?" in ji Mudasiru. "Ko dai can ma ƙofa kake buɗewa?"

"Kai, rufe min baki. Zaren nan ne ya ci aikina, yanzu kuma ya biyo ni Doha ya ci kekena."

Waya ta yi ƙara. Wata dattijuwa ta bayyana, gilashi a kan karan hanci, fuska ba alamar wasa. Ta ce ita ce Hajiya Habiba, shugabar kwamiti, kuma shekara ashirin tana duba yadi a masaƙar, saboda haka kada ya ɓata mata lokaci, mutum arba'in na layi.

"Ranki ya daɗe, zaren ne ba..."

"Kowa zare yake zargi. Minti biyu."

Garzali ya dubi ɗakin. Labule roba, darduma roba, har hular kansa bai yarda da ita ba. Sai ya janyo akwati daga ƙarƙashin gado, ya zaro tsohon zanin da Haulat ta ɗaure masa yaji da kuka a ciki ran da zai taho, atamfar masaƙarsu ce, ta koɗe har furanninta sun zama kamar taswira. Ya sa haƙori a gefe ya zare zare biyu. Auduga ce tsantsa. Yatsunsa ba su jira shawararsa ba, suka murɗa, suka zura, suka ja. Ƙulli ya zauna daram.

Ya ɗaga shi gaban waya yana murmushin wanda ya ci jarrabawa.

"Matso da shi," in ji Hajiya. Ta cire gilashi, ta goge, ta mayar. "Wannan jelar ta mene ce?"

Gaskiya akwai jela. Ƙa'ida ita ce a datse bakin zaren har ya ɓace cikin yadi. Garzali kuwa tun yana sabon shiga yakan bar ɗan tsawo, wai don kada ya warware, almakashin kuma kullum yana aljihun wata rigar.

"Inji na nawa kake?"

"Talatin da bakwai, ranki ya daɗe."

"La'ilaha illallahu! Kai ne!" Ta juya ga mutanen da ba a gani. "Ku zo ku ga mutumin da ya kashe min ido! Shekara da shekaru ina zagaye jelarsa da jan alli, ina rubuta takarda, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ashe ma kana da fuska?"

Mudasiru ya tuntsire da dariya har waya ta koma kallon silin.

"Riƙe da kyau, ɗan Ghana!" Garzali ya daka masa tsawa, gumi na bin wuyansa duk da sanyin na'ura. Sannan ya sassauta murya. "Hajiya, a yi haƙuri, ƙuruciya ce. In sake wani mai kyau?"

"Kada ka soma. Mai kyau ai ana koyonsa a kwana biyu, tun safe nake ganin irinsa. Wannan ɓarnar kuwa sai ɗan gida." Ta ja biro. "Garzali wa?"

Ya faɗa mata, har da sunan kakansa, ko da za a buƙata.

"Na rubuta. Amma ka ji da kyau, rumfarka kusa da tawa za a sa. Duk rigar da ka ɗinka sai ta biyo ta hannuna."

Garzali ya buɗe baki zai yi godiya, ta riga ta ce, "Na gaba!"