Inuwar Darbejiyar Maiturare

Ƙadangarun da ke shan hantsi a rufin ɗakin Inna ba su taɓa wuce kusurwar gabas ba. Fadila ta lura da haka tun kafin abin ya dame ta. Nan kaɗai rana ke sauka. Sauran kwanon kuwa, darbejiyar maƙwabciyarsu ta lulluɓe shi da inuwa har la'asar.

Tun da ta gama jami'a ta dawo Sandamu, jinyar Inna ke hannunta. Ciwon suga ne, kuma ruwan allurar da ake yi mata ba ya jure zafi. Wutar lantarki sai ta daɗe ba ta leƙo unguwar ba. A randa suke ajiye kwalaben, ƙulle cikin leda, amma a bazarar bana ko ruwan randa ɗumi yake yi. Shi ya sa ita da yayanta Sada suka sayi ƙaramin firji da batir, suka ƙudurta haɗa sola da kansu.

A shagonsa na Daura, Harisu mai kayan sola ya nuna musu manyan farantai biyu.

"Waɗannan sun ishe ku, in dai rana na dukansu sosai. Amma inuwa na taɓa gefen ɗaya, duka biyun za su yi sanyi."

"To, akwai bishiya," in ji Fadila, murya ƙasa-ƙasa.

"A sare ta mana, Malama."

Sada ya yi dariya. "Ka ji ko? Abin da nake faɗa mata ke nan tun daga gida."

"In aka ɗauki ƙanana fa, kowanne da wayarsa, wanda rana ta samu ya yi aiki?" in ji Fadila.

Harisu ya sosa ƙeya. "Zai rage asara. Amma ni dai ban taɓa ganin farantin da ke cin inuwa ya ƙoshi ba."

Ta zaɓi ƙananan.

Bishiyar ta Iya Maiturare ce, tsohuwar da ta yi wa Inna wankan jego lokacin haihuwar Fadila. Ɗanta tilo, Zailani, shi ya dasa ta yana yaro, kafin ya bi motar hamada neman aiki, aka daina jin ɗuriyarsa. Tun daga nan lungun ya sauya: katangun laka sun koma bulo, ƙofofi sun koma ƙarfe. Iya takan ɗaga kai ta dubi rassan ta ce, "Da ita zai gane gida."

Suka kafa farantan a inda rana ke ɗan ratsowa. Firjin ya yi gurnani har yamma, sannan batir ya mutu. Kullum haka. Fadila ta sauya musu wuri, ta goge su, ta sake sauyawa, ba ta gaya wa kowa cewa kwalaben da ɗumi suke wayar gari ba.

Wata Laraba Inna ta faɗi a bakin murhu. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalbar ta duba, ta girgiza kai.

"Wannan ai ta lalace. Ruwa kawai kuke yi mata."

Sada ya ja ƙanwarsa gefe, idanunsa jajur. "Ke da bishiyarki! Reshen da ya tsallako katangarmu haƙƙinmu ne, ko mai unguwa ya sani. Gobe zan hau."

"Yaya, don Allah bari in fara yi mata magana."

Ta je. Iya ta shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar, ta tambayi jikin Inna, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta sassauta murya ta ce ta yi mafarkin Zailani, ya yi ƙiba, har da gemu. Fadila ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ta yi sallama ta fito.

"Kin gaya mata?" in ji Sada.

Ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka e ce.

Ranar da aka sallamo Inna, Iya ta tafi bikin suna a garin Baure. Sada ya hau da adda. Ashe yawancin rassan cikin gidan su Fadila suka karkato. Da ya gama, sai kututture da reshe guda suka rage, ko daga bakin lungu ba a hango su. Rana ta zubo tsakar gida, farantan suka ɗau ƙyalli. Kafin azahar ruwan cikin firji har ciwon haƙori yake sawa.

Washegari da rana tsaka Iya ta yi sallama. Ta tsaya a tsakar gidan, ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallon sama. Fadila ta ɗauko tabarma, ta rasa inda za ta shimfiɗa.

Inna, wadda ba a gaya wa komai ba, ta ɗaga murya daga ɗaki. "Maiturare ce? Shigo mana! Fadila, ba Iyarki ruwan sanyi ta ji abin da 'ya'yana suka yi mini."

Fadila ta kawo ruwan a kofi. Iya ta karɓa da hannu biyu, ta riƙe shi har raɓar jikinsa ta jiƙa mata yatsu. Sannan ta durƙusa a hankali ta ajiye shi a ƙasa, ta gyara mayafinta, ta nufi zaure.